Dattawa da Na'ura: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matashi ne mazaunin Jekadafari a cikin garin Gombe, kuma na karanci kimiyyar kwamfuta. Ni da abokaina mun kafa ƙungiyar sa kai domin koya wa iyayenmu na unguwa aiki da kwamfuta. Wani bawan Allah ya ba mu aron shago, muka haɗa tsofaffin kwamfutoci guda biyar, muka fara darasi da sassan na'ura, daga nan muka shiga Microsoft Word da Excel. Da farko shagon ba ya ɗaukar jama'a, amma yanzu da ƙyar mutum uku ko huɗu suke zuwa. Abokaina sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka mu koma kan yara. Mene ne shawararku?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya saka muku da alheri. Ban yarda da hukuncin abokanka ba. Mutanen da kuke magana a kansu akwai ɗan kasuwar da yake riƙe da lissafin bashin mutum hamsin a kansa, akwai malamin da ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa, akwai kuma wanda ya haddace Alƙur'ani. Lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, wanda yake da shekara saba'in a yau bai kai hamsin ba, kuma babu ajin da ya shiga kafin ya iya kira da sa kati. Gemu ba ya hana ilimi. Abin da ya kori ɗalibanku shi ne manhajar karatun da kuka ɗauko, domin an tsara ta ne saboda matashi mai neman takardar shaidar da zai nemi aiki da ita, shi kuwa dattijon da ya yi ritaya ba takarda ce ta kawo shi shagonku ba.

Ka duba abin da ya faru da waɗannan bayin Allah cikin 'yan shekarun nan. A 2014 aka fito da lambar BVN, ya zama wajibi mai asusun banki ya yi rajista. A watan Disamba na 2020 aka ba da umarnin haɗa layukan waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, takardun naira suka yi wuya har mai sayar da tumatir ya koma karɓar taransifa, kuma wanda bai iya ba sai ya nemi yaron da zai yi masa. Hukumar PTAD, mai kula da 'yan fansho na tsohon tsarin gwamnatin tarayya, ita ma ta kawo hanyar da ɗan fansho zai tabbatar yana raye ta intanet, ta hanyar ɗaukar hoton fuskarsa ko zanen yatsansa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya mayar da magidanci, wanda ya saba a zo wurinsa neman mafita, mai jiran ɗansa ko jikansa ya dawo gida kafin ya biya buƙatarsa. Wannan ne ya cika muku shago a makon farko, kuma da suka ga ana ta bayanin sassan kwamfuta sai suka yi muku kara, suka janye ba tare da sun faɗa muku dalili ba.

Saboda haka shawarata ita ce ku rufe kwamfutocin nan tukuna, ku fara da wayar da ke aljihun kowa. Ku bi waɗanda suka daina zuwa har gida, ku gaishe su, ku tambayi kowannensu abu ɗaya da yake so ya iya yi da hannunsa. Amsoshin da za ku samu su ne manhajarku. Darasin farko ya zama ƙara girman rubutu da hasken fuskar waya, domin da yawa daga cikin waɗanda ake cewa ba sa ganewa, gani ne ba sa yi sosai, kuma nauyin faɗa suke ji. Daga nan sai ajiye lamba da suna, da tura saƙon murya a WhatsApp, wanda yake hutar da wanda bai yi boko ba daga wahalar rubutu, da hana waya sauke hotuna da bidiyo da kanta don kada data ta ƙare a banza. Ko mai ƙaramar waya yana da rabonsa, domin tun 2023 lambobin kamfanonin waya suka zama iri ɗaya: *310# don duba ragowar kuɗi, *323# don duba data, sannan *346# tana nuna wa mutum lambarsa ta NIN a layin da ya yi rajista da shi.

Akwai doka ɗaya da nake so ku kafa wa kanku, kuma ita ce mafi wuya ga matashi: mai koyarwa ba ya karɓar waya daga hannun ɗalibi. Idan Baba ya ce a nuna masa, kuma ka fizge wayar ka danna sau biyar cikin daƙiƙa uku ka miƙa masa, aikin ya yiwu amma bai koyi komai ba, sai ma ƙarin tabbacin da ya samu cewa abin na yara ne. Ka zauna a gefensa, ka faɗa, shi ya danna, ya maimaita har sai hannunsa ya saba, sannan ya rubuta matakan a littafinsa da kalmominsa, da boko ko da ajami, yadda zai gane idan ya koma gida. Darasi ɗaya a zama ɗaya ya isa.

Inda nake so ku fi daɗewa shi ne batun 'yan damfara, domin duk wanda kuka buɗe wa ƙofar banki ta waya ba ku koya masa tsaron kansa ba, kun ƙara masa hatsari ne. Salonsu sananne ne. Mutum zai kira da murya mai ladabi ya ce daga banki yake, ya faɗi cikakken sunan dattijo har da ranar haihuwarsa, ya ce za a rufe asusunsa yau idan bai karanto lambobin katinsa ko lambar da aka turo masa yanzu ba. Wani zai ce shi ɗan ƙungiyarsu ne ta WhatsApp, za a yi taro, a karanto masa lambobi shida da suka shigo, kuma da zarar an karanto ya ƙwace shafin ya shiga roƙon kuɗi da sunan mai shi. Faɗakarwa da baki ba ta isa ba, domin tarbiyyar dattijo ba ta ba shi damar katse wa mutum magana, kuma da wannan kunyar ake cin sa. Ku riƙa yin gwaji a aji, ɗayanku ya zama ɗan damfara ya kira, ɗalibi ya koyi cewa "zan zo bankin da kaina" ya kashe waya. Ku taimaka wa kowa ya sa matakin tsaro na biyu a WhatsApp, wato ƙarin lambar sirri da shi kaɗai ya sani, ya kulle layinsa da lambar sirri saboda ɓarawon waya yana iya zare layin ya kwashe kuɗi da shi, ya kuma rubuta lambar da bankinsa ya tanada don toshe asusu cikin gaggawa. Ku ma kanku kada ɗayanku ya san lambar sirrin ɗalibi. Idan zai danna ta, ku kau da kai yana gani.

Sauran batutuwan masu sauƙi ne. Ku sa darasi da hantsi ko bayan La'asar, ku sassauta da damina saboda masu zuwa gona, ku ware wa iyaye mata ranarsu da mace mai koyarwa, in da hali a cikin gida ko a makarantar Islamiyya. Kwamfutocin kuma za su yi amfani daga baya, lokacin da sakataren kwamitin masallaci zai so buga wasiƙa ko tsohon ma'aikaci ya so rubuta tarihin aikinsa.

TAMBAYA: Ni tsohuwar malamar makaranta ce a Unguwar Jahun, Bauchi. Jikana ne yake riƙe da katina na banki da lambar sirrina, shi yake ciro mini fansho. Ban taɓa kama shi da rashin gaskiya ba, amma ina so in koya da kaina, sai dai ina tsoron ya ga kamar zarginsa nake yi.

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Buƙatarki daidai ce, kuma ba sai an zargi kowa ba kafin mutum ya riƙe sirrin dukiyarsa. Yaro yana iya samun makaranta ko aiki a wani gari, wayarsa tana iya ɓata da bayananki a ciki, kuma idan wata matsala ta taso banki zai fara tambayar wanda ya san lambar, abin da zai jefa shi kansa cikin zargin da bai ji ba bai gani ba. Ki faɗa masa haka, ki ce so kike ya zama malaminki, da sharaɗin wayar tana hannunki yana faɗa kina dannawa. Ki fara da duba ragowar kuɗi da karanta saƙon da banki yake turowa, ki tabbata a layinki yake shigowa, sannan ki gwada tura ɗan ƙaramin kuɗi, kamar naira 500, zuwa gare shi, kina karanta sunan mai karɓa kafin ki amince. Idan hannunki ya faɗa, sai ku je banki tare ki canza lambar sirrin, ki zaɓi wadda ba shekarar haihuwarki ba ce, kada kuma ki rubuta ta a jikin katin. Ranar da ƙafa ta hana ki fita, ki tura masa daidai abin da kike so ya ciro zuwa asusunsa, ya karɓo miki a wurin mai POS.