Amsa ga Yaya: allurar jami'a da ɗaurin auren da ban zo ba

Yaya, barka da war haka. Ina fatan Hajiya da yara suna lafiya. Sau uku na saurari saƙon muryarka kafin in zauna in ba ka amsa. Ka fara da takardar da jami'a ta turo wa ɗanmu tana neman shaidar alluran rigakafi, amma inda ka dire shi ne maganar da na san ta daɗe tana cin ka: wai mu Hausawan Amurka mun miƙa wa Turawa damtse lokacin korona ba tare da mun ce uffan ba, kuma ni da aka ce a gida nake aiki na kasa zuwa ta'aziyyar Gwaggo, na kasa zuwa ɗaurin auren 'yarmu. Kusan duk wanda ke nan yana da ɗan'uwa a gida da ya yi masa irin wannan tambaya, shi ya sa na rubuta inda wasu ma za su gani.

Maganar Gwaggo ba ta da tsawo, ko da yake ita ta fi ciwo. Ta rasu a Afrilun 2020, lokacin da ake ta binne dattawa a Kano. Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga masu zuwa daga waje tun 23 ga Maris, ba a buɗe Legas da Abuja ba sai 5 ga Satumba. Ba jami'a ce ta hana ni ba, hanyar ce babu. A falo na yi mata sallar ga'ib da 'ya'yana biyu a bayana, washegari mutanenmu suka taru ta Zoom aka sauke mata Alƙur'ani, kowa da izufinsa. Haka muke yi wa junanmu a lokacin, domin mu ma a nan ana ta mutuwa. Unguwar Bronx, inda Hausawan Gana da na Nijar da na Najeriya suka fi yawa a New York, tana cikin wuraren da cutar ta fi yi wa ɓarna. Mutanenmu masu tuƙa tasi ne da masu jinyar tsofaffi a gidaje, ba su da halin zama a ɗaki. Da idona na ga manyan motoci masu firji a bayan asibiti saboda ɗakin ajiye gawa ya cika. An rufe masallatai, tarawihin wannan shekarar kowa a gidansa ya yi. Akwai gawawwakin da ba a yarda a yi musu wanka ba, sai taimama. Wanda ya ga wannan, Yaya, ba yadda zai ji labarin allura kamar wanda aka ba shi labari daga nesa.

Ɗaurin aure kuwa yana buƙatar bayani, don a nan ne kake ganin na yi zaɓi. A ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje nake aiki, kuma gaskiya ne daga Maris na 2020 aka ce kowa ya ɗauki kwamfutarsa ya koma gida. Ka ce, to tunda intanet ce, me ya raba falona da zauren gidanmu? Ni ma na yi wannan tunanin, har na tambaya. Abin da aka rubuta mana shi ne aiki daga gida yana nufin gidan da ke cikin takardun ɗaukarka aiki. Ko wata jiha za ka koma sai da izini, balle wata ƙasa. Dalilinsu haraji ne da inshora da dokokin ƙwadago: inda ma'aikaci yake zaune yana aiki, dokar can ke hawa kan mai biyansa albashi. Ga shi kuma bayanan ɗalibai ne a hannuna, fasfo da biza da adireshi, waɗanda dokar ƙasa ta ce a tsare. Ba a yarda in buɗe su daga ko'ina na ga dama ba. Kai da kake kasuwa, in ka bar wa yaro shago ka tafi Zariya, tsakaninka da shi ne kawai. Mu a nan kowane motsi da takardarsa.

Saura hutu. Jami'a ta dakatar da duk tafiyar da ita ke biya, amma ba ta hana mutum tafiyar kansa ba. Sai dai duba lissafin. Sati biyu nake da shi. Najeriya ta ce in zo da gwajin da ya nuna ba ni da cutar, in killace kaina kwana bakwai, a sake gwada ni. Amurka kuma daga 26 ga Janairun 2021 ta ce ba mai hawa jirgi zuwa cikinta sai da gwajin da bai wuce kwana uku ba. In na dawo, akwai wani zaman killacewar kafin in taka harabar jami'a ko in kusanci surukata da ke zaune tare da mu, mai ciwon suga. Da gwajin dawowa ya nuna ina ɗauke da ita, da na maƙale, ba hutu, ba izinin aiki daga can. A lokacin ban samu allura ba tukuna. Na auna na fasa. Ba zan ɓoye maka ba, akwai tsoro a ciki, ba doka kaɗai ba. An ce zumunci a ƙafa yake, kuma kuɗin da na turo ba su zama ƙafa ba. Wannan na karɓa, kuma har yau ina jin nauyinsa in na ga hotunan.

Yanzu allura. Zarginka ba na banza ba ne, kuma ba na so kowa a nan ya raina shi. Ɗan Kano da ya san abin da ya faru a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen ɗari biyu, goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa, har aka yi shari'a aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009, dole gabansa ya faɗi in ya ji sunan kamfanin a jikin kwalba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Daga wannan tabon ne aka samu ƙin allurar shan inna a 2003. Mu ma da muka baro gida da tabon muka taho. A zaurenmu na WhatsApp an yi watanni ana kai ruwa rana, wani ya turo bidiyo, wani ya ƙaryata, har wasu suka fice a fusace.

Abin da ya daidaita yawancinmu ba takardar jami'a ba ce. Da farko, a cikinmu akwai likitoci da ma'aikatan jinya, 'ya'yan Kano da Katsina da Maraɗi, kuma su aka fara yi wa tun Disambar 2020. Muka zuba musu ido. Muka kuma ga cewa kwalbar da aka ɗebo wa Bature daga ita aka ɗebo wa baƙar fata, a layi ɗaya, har masu kuɗin ƙasar suna neman hanyar shiga gaba. Wannan ya bambanta da abin da aka yi a Kano, inda aka zo wa marasa ƙarfi da abin da ba a gama tantancewa ba. Na biyu, malamanmu sun tsaya. Limaminmu ya karanto hadisin da ke cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in ta ɓarke kuna ciki kada ku fita, ya tuna mana yadda Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham, da aka ce masa gudun ƙaddara yake ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. An binciko abin da ke cikin allurar, ba a samu kayan alade ba. Ni a cikin azumin 2021 aka yi mini ta farko, da rana, bayan malamai sun ce allurar damtse ba ta karya azumi.

Dokar wajabta allurar kanta daga baya ta zo. Jami'ar Rutgers da ke New Jersey ce ta fara sanarwa a Maris na 2021 cewa ɗalibin da zai dawo harabarta sai da allura, ɗaruruwa suka bi sahu. Wasu ɗaliban Jami'ar Indiana sun kai ƙara, kotuna suka ƙi dakatar da dokar, a watan Agusta Kotun Ƙoli ma ta ƙi sa baki. Ba sabon abu ba ne a ƙasar, tun 1905 kotun ta yanke cewa jiha na iya wajabta rigakafi, lokacin cutar agana. Mu ma'aikata namu ya biyo baya. Amma a jami'armu an bar ƙofa biyu: uzurin rashin lafiya da uzurin addini. Mai uzuri zai riƙa gwaji duk sati, ya sa takunkumi. Wasu daga cikinmu sun je wa liman da takardar uzurin addini ya sa musu hannu. Ya ce shi ba zai rubuta cewa Musulunci ya haramta abin da bai haramta ba, wanda yake tsoro ya ce tsoro yake. Na girmama shi a kan wannan. Kai ma ka tuna, ba ka taɓa hawa jirgin Makka ba sai da allurar sanƙarau, kuma a 2021 Saudiyya mutum dubu 60 kacal ta bari suka yi Hajji, mazauna ƙasar, waɗanda aka yi wa rigakafin korona.

A ganina, wajabta wa ɗaliban da ke kwana ɗaki ɗaya suna cin abinci wuri ɗaya daidai ne. Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne ƙananan ma'aikata, masu shara da masu girki, waɗanda suka yi ta zuwa aiki lokacin da mu muke gida, sannan aka ba su wa'adi cikin harshen da wasunsu ba sa karantawa sosai. Mun zauna da 'yan Afirka da yawa a cikinsu muna fassara musu takardu. Haka kuma ban manta yadda ƙasashe masu arziki suka tara allura ba, aka turo wa Najeriya wadda ta kusa lalacewa, har aka lalata sama da miliyan ɗaya a Abuja a Disambar 2021, a watan da Ingila ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta toshe wa hanya. Wannan ya ƙona mana rai a nan kamar yadda ya ƙona muku.

Abu ɗaya nake so ka sani game da mutanenmu, tunda ɗanka za ka turo. Da aka rufe ɗakunan kwanan ɗalibai a Maris na 2020, an ba yara 'yan kwanaki su kwashe kaya. 'Ya'yan ƙasa iyayensu suka zo da mota. Namu ba jirgin komawa. A cikin kwana biyu aka rarraba su gidajen Hausawa, ba wanda ya tambayi ɗan wane ne ko daga wace ƙasa. Biyu sun zauna a gidana har bayan Babbar Sallah, ɗaya ɗan Damagaram. A ranar 6 ga Yuli kuma hukumar shige da fice ta ce ɗalibin waje da duk darussansa suka koma intanet ya bar ƙasar. Kwana takwas muka yi ba barci, wayata ba ta huta ba, sai da jami'o'in Harvard da MIT suka kai ƙara aka janye dokar ranar 14. Kuɗin asusunmu na jana'iza, wanda kowa ke zubawa duk wata, a shekarar har haya da abinci ya biya wa waɗanda aikinsu ya tsaya.

Game da takardar ɗanmu, ka kwantar da hankalinka. Yawancin jami'o'i sun janye dokar allurar korona tun 2023, gwamnati ma ta daina nemanta a wajen masu shigowa a watan Mayun shekarar. Abin da aka saba nema shi ne na ƙyanda da hangum, na sanƙarau ga mai kwana a makaranta, da gwajin tarin fuka. Ka sa Hajiya ta duba cikin akwatinta ko katin rigakafinsa na yarinta yana nan, ka ɗauki hotonsa gaba da baya ka turo mini. In ya ɓata, akwai gwajin jini da ke nuna ko an taɓa yi masa, za a iya yi a nan. Ni zan ɗauko shi a filin jirgi, kuma a gidana zai sauka har a buɗe makaranta. Ka gaida Hajiya, ka ce wa amarya Baffanta yana nan tafe da hutun ƙarshen shekara in Allah ya yarda.