Shin fim ɗin Mister Marshall farfagandar Franco ne?

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin kammala digiri a kan barkwancin siyasa a finafinai, na ɗauki fim ɗin Sifaniya na 1953, Bienvenido, Mister Marshall. Sai wani ya ce min in sake zaɓe, wai ai farfagandar Janar Franco ce, shugaban Sifaniya na lokacin, tunda hukumar tace finafinai ta bari ya fito. Lokaci ya ƙure min, hankalina a tashe yake. In canza ne?

Amsa: Kada ki canza, 'yar'uwa, kwantar da hankalinki. Zaɓinki yana kan hanya.

Wannan magana ta "tunda ya tsallake hukumar tacewa ai na gwamnati ne" kusan kullum sai na ci karo da ita, galibi a bakin masu sharhin Facebook da ba su taɓa zama sun kalli fim ɗin ba, alhali ko awa ɗaya da rabi bai kai ba. Ma'aikacin tacewa takarda yake bi. Yana neman zagin shugaba, ko taɓa coci, ko tsiraici. Daraktan fim ɗin, Luis García Berlanga, da abokan rubutunsa, Juan Antonio Bardem da Miguel Mihura, sun san haka sarai, sai suka ba shi abin da zai faranta masa: waƙoƙin mawaƙiya Lolita Sevilla da ba'a ga Amurkawa. Gwamnatin Franco dama tana jin haushin cire Sifaniya daga tallafin Marshall da Amurka ta fara raba wa ƙasashen Yammacin Turai a 1948, don haka ta ɗauka Amurka ake yi wa dariya.

To ki duba wa aka yi wa tsirara a zahiri. Ƙauyen Villar del Río, inda labarin fim ɗin yake faruwa, agogon gidan hukumarsa ya tsaya, taswirar makaranta har yanzu tana nuna daular Ostiriya da Hungari wadda ta rushe tun 1918. Magajin gari, wanda José Isbert ya fito a matsayinsa, kunnensa ba ya ji sosai, ya hau baranda yana ta alkawarin yin bayani bai bayyana komai ba. Umarni ya zo daga sama a tarbi baƙi Amurkawa, sai wannan ƙauye na yankin Kastila ya yi shigar mutanen yankin Andalus, aka kafa bangon bogi a tituna, domin irin wannan Sifaniyar gwamnati take tallatawa a waje. Talakawa suka yi layi kowa na faɗin abu ɗaya da yake so a ba shi. Motocin Amurkawa suka zo suka wuce da gudu, ko tsayawa ba su yi ba, mutanen gari suka koma haɗa 'yan kayansu don biyan kuɗin biki. Wace farfaganda ce take nuna ƙasarta a haka?

Abin takaicin shi ne wannan gurguwar fahimta tana sa ɗalibai su watsar da duk aikin da aka yi ƙarƙashin mulkin kama-karya, wanda Franco ya shafe daga 1939 zuwa 1975 yana yi. Aikin shekara 36 ke nan ake cewa a share.

A babinki ki kawo cewa fim ɗin ya samu kyauta a bikin finafinai na Cannes na 1953, inda ɗan wasan Amurka Edward G. Robinson, ɗan kwamitin alƙalai, ya nuna ɓacin ransa kan hoton tutar Amurka tana bin ruwan kwata. Ki kuma haɗa da yarjejeniyar Madrid ta Satumbar 1953, wadda ta ba Amurka sansanonin soja a madadin tallafi, watanni kaɗan bayan fitar fim ɗin.