Abin da ya sa nake zaunar da ku tare ranar Alhamis

Ɗana, na ji daɗi da ka fito ka tambaya maimakon ka bar abin yana cin ka a ciki. Ka gama difloma a fannin lantarki, ka zo shagon nan yin shekarar koyon aiki da ake nema kafin a koma babbar difloma, sai ka tarar na haɗa ka da yaran da wasunsu ko sakandare ba su ƙarasa ba. Ka ce mini, "Maigida, wurinka na zo koyo, ba wurin yara ba. Wannan zaman da muke yi duk Alhamis bayan la'asar, kowa na faɗin abin da ya yi a mako, mene ne amfaninsa? Kuma me kake so in yi har ka ce na yi daidai?" Zan ba ka amsa a rubuce, domin akwai ɗalibai irinka a shagunan naɗin koyil daga nan Birnin Kebbi har Jega da Argungu da Yauri, kuma abin da ke ranka shi ke ransu.

Ka tuna moton nan mai layi uku da aka kawo daga wurin casar shinkafa, wanda muka buɗe a tsakiyar tabarma? Ƙaramin cikinku ne ya fara magana. Ya ce murfin fanka ya toshe da ɓuntu, ya sa yatsa ya ƙwaƙulo ya nuna mana. Wani ya juya shaf da hannu, ya kara kunne, ya ce boris lafiya lau, ba ƙara, ba wasa. Sannan babban yaron shago ya leƙa ciki ya ce, "Wanga layi guda ne ya ɗauke mishi." Ya ga koyil kashi biyu sun yi baƙi ƙirin, banish ɗin da ke rufe wayar ya ƙone har yana ɓarewa, kashi na uku kuwa ja wur kamar jiya aka naɗa. Gaskiya ya faɗa. Da nauyi ne ya yi wa moton yawa, ko zafi daga toshewar fanka, da duka ukun sun dafu daidai wa daida. Da boris ne ya ci, da mun ga inda rota, wato ɓangaren da ke juyawa, ya goge ƙarfen ciki.

To amma da na tambaye shi me ya sa biyu suka ƙone ɗaya ya tsira, sai ya ce haka yake gani kullum. Iyakar saninsa ke nan, kuma ba laifinsa ba ne. A duk zaman nan kai kaɗai ka san cewa haɗin moton sita ne, wato an ɗaure ƙarshen koyil ukun wuri guda, idan layi ɗaya ya yanke sai wutar ta bi ta koyil biyun da suka rage, su ɗauki nauyin da aka yi don uku. Kai kaɗai ka san cewa da haɗin delta ne, inda ake jona koyil ukun baki da baki su yi kusurwa uku, da akasin haka za a gani: ɗaya ya ƙone, biyu su tsira. Ranar da aka kawo masa mai delta zai ɗauka wata cuta ce daban, ya naɗa, ya mayar, mai injin ya jona a kan fis ɗin nan da ya mutu ko kontaktar, wato makunnin da ke ba moton wuta, da bakinta ya cinye, moton ya sake ƙonewa a tsakiyar kakar shinkafa. Na dube ka a ranar, kana zaune can gefe da littafinka a cinya, ba ka ce uffan ba. Wannan shirun ya fi damuna da duk wani kuskure da hannunka zai yi a bana.

Ka ce wurina ka zo. Haka ne, kuma ba zan ɓoye maka komai ba. Sai dai ido biyu gare ni, kuma rabin mako ina waje, yau rijiyar burtsatse, gobe wurin niƙa. Aikin da ke shigowa shagon nan hannuwa daban-daban yake bi. Wannan yana kan sumo, famfon cikin rijiya, da yashi ya cinye, wancan yana kan moton markaɗe mai layi ɗaya da koyil ɗin tashi ya ƙone saboda makunnin ciki bai saki ba, wani yana fama da janareta. Idan ka tsaya a kan bencinka kawai, abin da ya faɗo hannunka shi kaɗai za ka sani, kuma shekara ɗaya ba ta da yawa. A zaman Alhamis kuwa, abin da kowa ya gani a mako ya zama naka. Ka san yadda ake karatun zaure a Gwandu da sauran garuruwanmu: kowane ɗalibi da littafinsa, yana jan baƙi malam na fassara, sauran na zaune suna jiran layi. Mai ƙaramin littafi yana jin karatun manya tun kafin ya kai, babba kuma yana jin na ƙanana yana tuna abin da ya manta. Ba wanda ke tashi da darasinsa kaɗai. Daga can na ɗauko tsarin.

Abin da nake nema a wurinka kuwa, na farko dai kada almakashi ya taɓa waya sai ka rubuta. Ramuka nawa ne, koyil daga rami na nawa zuwa na nawa, zagaye nawa a kowane koyil, waya ɗaya ce ko biyu aka haɗa, lambarta nawa bayan ka ƙona banish ɗin ka auna, sita ne ko delta, da duk abin da ke kan farantin jikin moton. Tsohon naɗi shi ne shaidar da kamfanin da ya ƙera ya bar maka, idan ka yanke shi ba ka karanta ba, ya tafi ke nan. Yaran nan suna riƙe wannan a ka, kuma kansu na da kyau, amma kai na mantuwa. Ina so kafin ka bar shagon nan mu sami littafi guda da kowane moto ya shiga, wanda ko ƙaramin cikinsu zai buɗe ya gane. Wannan aikinka ne, don kai aka koya wa rubuta rahoto.

Sannan ina so ka fitar da lissafin da ke kanka, da Hausa, yadda za su ɗauka. Sun san moto mai ramuka 36 ana yawan naɗa shi daga ɗaya zuwa goma, amma ba su san dalili ba. Nuna musu: ramuka 36 a raba wa fol 4, wato kawunan maganaɗisun da naɗin ke yi, kowane fol ya sami 9, shi ya sa koyil ke tashi daga rami na ɗaya zuwa na goma; 9 ɗin a raba wa layi uku, kowane layi ya sami 3. Nuna musu cewa wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa mai fol 4 ba ya wuce juyi 1500 a minti, mai fol 2 kuma 3000, kuma shi ya sa ake ganin 1440 ko 2880 ko kusa da haka a kan faranti. Wannan ba ado ba ne. Mutum zai zo ya ce a sa masa mai 2880 a madadin mai 1440 tunda ƙarfin dokinsu ɗaya, bai san injinsa zai ninka gudu ba idan ba a canza fuli ba. Yaron da ya fahimci lissafin zai hana shi asara. Haka maganar zafi. Banish da takardar rami suna da iyaka, wani aji digiri 130, wani 155, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwar naɗi. A garin da zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40 a inuwa, ɓuntun da ƙaramin yaron nan ya ƙwaƙulo ba ƙaramin abu ba ne, ko da ba shi ya kashe wancan moton ba. Da ka faɗa masa haka a gaban kowa, da ya san idonsa na da daraja.

Kai ma akwai abin da za ka karɓa daga gare su wanda ba ya cikin takarda. Je ka zauna kusa da babban yaron nan ka kalli yadda yake zura waya a rami ba tare da ya kankare ta a bakin ƙarfe ba, yadda yake lanƙwasa kan koyil don kada ya taɓa murfi, yadda yake sanin wutar da ta isa a ƙona tsohon naɗi ba tare da an gasa ƙarfen ciki ba. Idan aka gasa shi fiye da kima, komai kyan naɗinka moton zai riƙa zafi har ƙarshen rayuwarsa. Ka bi shi kasuwa ka ga yadda yake kankare bakin waya da wuƙa kafin ya biya, domin akwai wadda aka yi wa rigar jan ƙarfe cikinta farin alminiyom ne, ba ta da nauyi a hannu, kuma wutar da take ɗauka ba ta kai ta jan ƙarfe ba. Ya girme ka a aiki, ka ba shi girmansa. Idan ka kira shi yaya ba abin da zai ragu a diflomarka.

Akwai doka ɗaya a zaman da ba na sassauci a kanta. Wanda ya ɓata aiki shi zai faɗa da bakinsa, kuma ba mai yi masa dariya, ba mai ɗaukar maganar ya kai ta bakin titi. Ranar da aka kunyata yaro don ya ce ya ƙirga zagaye ba daidai ba, daga ranar kowa zai fara ɓoye nasa, sai mu riƙa jin labari daga bakin masu kaya. Kai ma idan ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Na lura nauyin takardarka yana hana ka faɗin haka a gabansu. Sauke shi. Ba wanda ya sa ran ka san naɗi daga aji.

Gwamnati ma ta daɗe da gane wannan giɓin. An kafa hukumar ITF mai kula da horas da ma'aikatan masana'antu a 1971, ita kuma ta fito da shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a 1973, saboda masu masana'antu na kukan cewa ɗalibai na fitowa da takarda ba su taɓa riƙe kayan aiki ba. Manufar mai kyau ce. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda muka mayar da ita, mu da ku. Akwai ɗalibin da ba a ganinsa sai ranar da ya kawo logbuk a sa masa hannu, ya cika shafuka da aikin da bai yi ba. Akwai kuma maigidan da zai karɓi ɗan mutane ya mayar da shi ɗan aiken sayo abinci da wankin babur har wa'adinsa ya cika. Duka biyun cin amana ne. Ni ba na sa hannu a kan abin da ban gani ba, ko a logbuk ɗin ƙannenka masu zuwa SIWES na wata huɗu, ko a takardar shaidar da za ka kai makaranta. Kai kuma kana da haƙƙi a kaina: ba zan aike ka aikin gidana ba, zan ba ka moto ka naɗa da hannunka tun daga yanka har gwaji, idan zan yi maka gyara mai zafi zan ja ka gefe, kuma ba za ka taɓa wuta mai layi uku ba sai ina tsaye ko babban yaron na tsaye.

Aiki na nan yana jiranku. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a nan Kebbi a Nuwamban 2015, injinan casa da na ban ruwa suka ƙaru, bayan cire tallafin man fetur a 2023 kuma mutane da yawa suka koma famfon sola. Kowannensu akwai naɗi a cikinsa, kuma wata rana zai nemi mai gyara da ya san hannu ya kuma san lissafi.

Alhamis mai zuwa kai za ka ja zaman. Moton casar nan na ajiye shi ban bari an yanke ba. Ka zana ramuka 36 ɗin a allo, ka nuna musu hanyar da wuta ta bi bayan layin ya ɗauke, a sita da kuma a delta, ka bar su su yi maka tambaya har su gaji. Bayan nan kai da babban yaron ku ɗauki bayanansa ku naɗa tare, shi a kan zura waya, kai a kan haɗi. Idan banish ya bushe ku sa masa mega mai bolt 500, na'urar da ke nuna ko wuta na zuba a jikin ƙarfe, ku auna amfiyar kowane layi, ku rubuta. Kafin a mayar da shi kuma ku je wurin mai injin ku duba fis da kontakta, ku gaya masa ya sa obalod, na'urar da ke katse wuta idan moto ya ja fiye da kima, ku nuna wa yaronsa yadda zai riƙa share murfin fanka duk yamma.