Tambaya da Amsa: Yara sun ce labarina wa'azi ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Katsina. Na rubuta wa 'yan aji huɗu labarin ɗan wani attajiri da almajirin da ke yi musu aike, suka ƙulla abota, uwar gida na hanawa. Da na karanta musu sai suka ce wa'azi ne. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Sau da yawa matsalar tana wurin almajirin. Marubuta kan mayar da shi abin tausayi kawai: ana ba shi tuwo da tsohuwar riga, yana godiya. Yaro ɗan shekara tara ya san wannan sadaka ce, don haka ba zai yarda abota ce ba.

Ki ba shi suna, da ƙauyen da ya fito, da uwar da yake kewa. Ki ba shi abin da ɗan Alhaji ba shi da shi: ya iya haɗa tawada da ƙaro, ya iya feƙe alƙalami daga gamba, ya haddace izu biyar alhali abokin yana fama da ƙananan surori, ya san lungunan gari kamar tafin hannunsa. Dole a zo wurin da ɗan gatan zai rasa mafita sai ta hannunsa. Kuma shi ma ya yi laifi. Ya yi ƙarya sau ɗaya, ko ya raina abokin da cewa ɗan boko ne rago, domin raini ba daga ɓangare ɗaya kaɗai yake fitowa ba.

Wariyar kuwa, kada wani dattijo ya tsaya yana bayaninta. A gan ta a aikace: kwanonsa daban, iyakarsa zaure, kowa na kiransa “kai almajiri” ba mai tambayar sunansa, kuma ranar da kuɗi suka ɓace shi aka fara caje wa. Uwar gidan ma kada ta zama muguwa tsantsa. Tsoro take ji wa ɗanta, irin matan da yara ke gani a gidajensu.

Ƙarshen da muke roƙon ki guje wa shi ne a gano ashe almajirin ɗan sarki ne da ya ɓata. Wannan yana koya wa yara cewa darajarsa daga asali ta zo, abin da kike yaƙi da shi ke nan. Ya ƙare yana almajirinsa, amma an san sunansa a gidan.

Ga 'yan aji huɗu, kalmomi 3,000 zuwa 4,000 sun isa, a raba su babi shida ko bakwai, manyan taurari kada su wuce huɗu. In za a buga, ki nufi shafi 32 ko 48, saboda maɗaba'a kan naɗe takarda shafi 16-16. Ki duba samfuri kafin a buga, don ƙ, ɗ da ɓ sukan zube idan salon harafin bai ɗauke su ba.