Bulok ɗin inji a tseren gajeren zango: amsa ga yarona

Ɗana, jiya bayan La'asar, lokacin da muke wanke bulok ɗin nan, wato gangar jikin inji mai ramukan silinda, da kananzir, ka nuna mini bidiyon wani tseren motoci na Amurka a wayarka, inda wata tsohuwar Mustang ta zabura daga layi, kafin ta kai rabin hanya inji ya watse, baƙin mai ya malale a kan kwalta. Ka ce mini, "Oga, tunda ana sayar da bulok masu ƙarfi waɗanda aka ƙera musamman domin tsere, me ya sa doka take tilasta wa wasu su riƙe na kamfani? Kuma ta yaya mutum zai san bulok ɗinsa zai ɗauki wannan wahala?" Hayaniyar gareji ba ta bar ni na amsa maka yadda ya kamata ba, shi ya sa na zauna da daddare na rubuta maka, domin tambayar ta taɓa zuciyar sana'armu.

Wannan tsere na motoci biyu ne, kafaɗa da kafaɗa, a kan miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, wato mita 402, wasu filayen kuma rabin haka suke yi. Babbar ƙungiyar da ke kula da shi ita ce NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a Kalifoniya a 1951 domin a janye samari daga yin tsere a titunan jama'a, kuma kowace shekara tana fitar da kundin dokokinta. Ka ajiye manyan motocin ƙwararru na Top Fuel a gefe, domin bulok ɗinsu na alminiyam ne wanda ko hanyar ruwa babu a cikinsa, kuma ana kwance injin bayan kowane gudu guda. Tambayarka ta shafi 'yan sha'awa ne, mutanen da ke da aikinsu na ranar Litinin, waɗanda suke tara kuɗi su gina inji ɗaya, suna fatan ya kai su ƙarshen shekara ba tare da sun sauke shi ba.

A cikin 'yan sha'awar nan, rukunin da doka ta fi tsananta wa shi ne Stock Eliminator, sai ƙanensa Super Stock, wanda aka ɗan sassauta masa a wasu sassan inji. A waɗannan rukunoni ana raba motoci aji-aji ne ta hanyar kasa nauyin mota da ƙarfin dokin da ƙungiya ta ƙiyasta wa injinta, saboda haka dole injin ya zama irin wanda kamfani ya taɓa fitarwa, da awonsa da aka sani a rubuce. An iyakance yawan borin da za a yi wa silinda, wato faɗaɗa raminta, an hana ƙara wa fistin tsawon tafiyarsa, kuma lambobin da aka zuba a jikin bulok tun daga masana'anta su ne shaidarsa. Wanda ya kafa sabon tarihi ko ya ci ajinsa, ana iya kiransa rumfar masu bincike a ce ya kwance tof, wato kan inji da ke rufe saman silinda, da hannunsa, su auna silinda, su duba lamba, in an sami saɓani a soke nasarar. Hikimar wannan doka a fili take a gare ni, kuma ina goyon bayanta. Da an bar kowa ya kawo abin da aljihunsa ya iya saya, da mai kuɗi ne zai riƙa cin tsere tun yana shagon kayan gyara, amma da aka ɗaure kowa da ƙarfe iri ɗaya, sai gasar ta koma ta hannun bakanike, wa ya fi iya awo, wa ya fi haƙurin daidaitawa. Da shekaru suka ja, bulok ɗin motocin shekarun 1960 suka yi ƙaranci, masu kyau a cikinsu suka yi tsada, sai ƙungiyar ta fara amincewa da wasu sababbin bulok na maye gurbi, bisa sharaɗin su kasance cikin jerin da ta tantance kuma su riƙe awon na asali.

Akwai kuma wasu rukunoni da dokarsu ba ta damu da wanda ya zuba bulok ɗinka ba. A Super Comp an tsayar da daƙiƙa 8.90, a Super Gas 9.90, a Super Street 10.90, kuma wanda ya yi gudun da ya fi wannan adadi sauri ya faɗi, sai dai in abokin karawarsa ya fi shi ƙetare iyakar. Haka yake a tseren ƙananan filaye na ƙarshen mako, inda kowane direba yake rubuta lokacin da yake tsammanin motarsa za ta yi a jikin gilashi, sannan ya yi ƙoƙarin cika shi daidai. Mutanen waɗannan rukunoni su ne manyan masu sayen bulok na kamfanoni irin su Dart da World Products da Brodix, kuma yawancinsu sukan gina inji mai ƙarfin da ya wuce buƙata, sannan su sa masa na'urar da ke rage totur a tsakiyar gudu. Abin da suke nema shi ne injin da zai maimaita lokaci ɗaya sau ɗari ba tare da ya canza hali ba, kuma injin da ba a matsa masa har iyakarsa ba shi ne yake iya haka.

Yanzu ga rabi na biyu na tambayarka, wanda shi ne ya fi kusa da abin da muke yi kullum. Motar da ka gani, in injinta na asali ne, mai yiwuwa Ford 302 ne mai lita 5, kuma bulok ɗinsa na shekarun 1980 zuwa 1990 sananne ne da rashin kauri, domin kamfani ya rage masa ƙarfe saboda nauyi da tsada. A titi yakan yi shekaru lafiya lau, amma masu tsere sun daɗe da sanin cewa idan ƙarfinsa ya doshi doki 500 yakan tsage gida biyu, tun daga mazaunin karanshaf har zuwa kwarin da ke tsakanin layukan silinda. Chevrolet 350, mai lita 5.7, wanda ya fito a 1967, yana da iri biyu: wani marafan da ke riƙe karanshaf ɗinsa noti biyu-biyu ne, wani kuma na tsakiyar huɗu-huɗu ne, kuma masu gina shi domin tsere sukan sa masa marafan ƙarfe waɗanda notunan gefensu suke shiga a karkace, domin su kama wurin da bulok ya fi nama. Sai zuriyar LS, ita ma ta Chevrolet, wadda ta fara da Corvette ta 1997, da 'yan'uwanta na ƙarfen zubi masu lita 4.8 da 5.3 da 6.0 da aka sa wa manyan motocin ɗaukar kaya. Gindin waɗannan yana da ƙarfi ƙwarai, domin kowane marfi noti shida yake da shi, huɗu daga ƙasa, biyu daga gefe, shi ya sa talakawan masu tsere suke ɗauko su daga wurin tsofaffin motoci su ɗora musu turbo. Rauninsu yana sama ne, inda noti huɗu kaɗai ke kewaye da kowace silinda, don haka idan matsi ya yi yawa tof yakan ɗaga, gasket ya ƙone. Wannan ne ya sa bulok ɗin LSX da kamfanin ya fitar domin masu tsere aka yi masa wurin noti shida a kowace silinda.

Duk da haka, kada ka ɗauka adadin doki shi kaɗai ke kashe bulok. Babban makashinsa shi ne ƙwanƙwasar nan da kake ji idan fetur ya fashe a silinda ba bisa tsari ba, saboda an tura tartsatsi gaba da yawa, ko mai ya yi kaɗan a cikin iska, ko fetur ɗin bai kai matsin da aka ba shi ba. Kowace ƙwanƙwasa tamkar saukar guduma ce a kan fistin, ta bi ta kwanrod zuwa karanshaf, ta ƙare a kan marafai. Idan ka kwance marfi ka juya shi, ka duba fuskar da take zama a kan bulok. In ka ga ta yi dabbare-dabbare, wani wuri yana ƙyalli, wani wuri ya yi baƙi kamar an tsattsaga shi da allura, to marfin yana motsi a lokacin aiki, kuma tsagewa tana tafe ko da ido bai gan ta ba tukuna. Inji mai matsakaicin ƙarfi da ke ƙwanƙwasa zai riga mai ƙarfi sosai da aka daidaita da kyau mutuwa, musamman idan ana fesa masa iskar naitaros mai ƙara wa inji ƙarfi.

Abu na biyu shi ne kaurin bangon silinda, kuma a nan zan daɗe kaɗan domin na taɓa ƙonewa. Ka san yadda masu zubin tukunya suke yi da yashi, wani lokaci tukunya ta fito gefe ɗaya da kauri, ɗaya gefen sirit. Haka bulok yake, domin shi ma a cikin yashi ake zuba shi, kuma idan ƙwaryar da ke fitar da hanyar ruwa ta ɗan goce, silinda za ta fito da bango mara daidaito. Bulok biyu masu lamba ɗaya suna iya bambanta ta wannan fuska. Borin farko da aka saba yi wa 350 shi ne inci 0.030, wato kusan milimita 0.76, wanda ke mayar da shi 355, kuma yawancinsu suna ɗaukar wannan. Daga nan zuwa sama sai da awo. Masu tsere suna amfani da wata na'ura da ke aika sauti cikin ƙarfe ta faɗi kaurinsa, suna auna kowace silinda ta fuska huɗu, sama da tsakiya da ƙasa, suna mai da hankali kan gefen da fistin yake jingina a kai lokacin da wuta ta tura shi ƙasa. Ina sabon buɗe gareji na taɓa kai bulok ɗin wani bawan Allah borin karo na biyu ba tare da na tambayi abin da ya rage a bangonsa ba. Bai yi wata guda ba ya dawo, na zaro ma'aunin baƙin mai na ga ya koma kamar kunun gyaɗa. Da muka kwance, tsagar ba ta fi silin gashi ba, a tsaye a silinda ta uku, sai da na goga mata alli da kananzir sannan ta bayyana sosai. Ni na biya kuɗin wani bulok ɗin, kuma haƙƙinsa ne. Dokar tsere tana iya yarje maka borin da ƙarfen da ke hannunka ba zai ɗauka ba, domin ita adalci tsakanin 'yan gasa take tsarewa, auna bangon kuwa aikinka ne.

Akwai dabarun da suke ƙara wa bulok ɗin kamfani kwana. Sukan ɗaura masa farantin ƙarfe mai kauri a madadin tof kafin a goge silinda, domin ɗaurin noti yana ɗan murɗa ramin, gara a goge shi yana cikin halin da zai yi aiki. Idan an canza notunan marafai zuwa masu ƙarfi, dole a sake daidaita ramin da karanshaf yake kwanciya, in ba haka ba metal ɗin da karanshaf yake juyawa a kansa zai cinye a gefe ɗaya. Wasu kuma sukan zuba wani abu mai kama da siminti a hanyar ruwa, rabi ko fiye, domin ya tallafi bangon silinda. Wannan yana aiki ga motar da gudunta bai wuce daƙiƙa goma sha wani abu ba, amma baƙin mai yakan yi zafi fiye da da, kuma ba a iya cire shi bayan ya daskare, saboda haka ban yarda ka yi wa motar hawa ta wani haka ba. Shi kuwa bulok ɗin alminiyam, yana rage nauyi a gaban mota kuma yana karɓar walda da sabon silif, wato bututun ƙarfe da ake cusawa a ramin silinda, idan ya ji rauni, amma yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen zubi, don haka tazarar metal da ta bawul sai an lissafa su da wannan a rai.

Wani ɓangaren dokokin an yi shi ne domin ranar da bulok ya fashe. Baƙin man da ya zuba a ƙarƙashin tayoyin baya yana iya juya mota ta daki bango ko ta shiga layin abokin karawa, shi ya sa a rukunonin masu sauri ake ɗaura wa gindin inji wani bargo mai ƙarfi da zai tare mai da gutsattsarin ƙarfe. Motar da ta kai daƙiƙa 10.99 ko ƙasa da haka, sai an sa mata fulin gaban karanshaf mai shaidar inganci ta SFI, ƙungiyar da ke tantance kayan kariya na tsere, domin na kamfani yana iya tarwatsewa. Filaye da yawa kuma ruwa zalla suke yarda a zuba a lagireto, saboda ruwan sanyaya inji mai launi yana da santsi kuma yana da wuyar gogewa daga kwalta.

Gobe in Allah ya kai mu, kafin mu taɓa komai, ka ɗauko bulok ɗin nan da muka sayo a Ƙofar Ruwa ka ɗora shi a kan benci. Ka kwance marafan ɗaya bayan ɗaya, ka jera su bisa lambarsu da fuskar da kowanne yake kallo, ka goge ƙasansu ka nuna mini abin da ka gani. Sannan ka auna kowace silinda a wuri uku, ta tsaye da ta kwance, ka rubuta adadin a takarda, daga nan ne za mu yanke shawarar ko za a kai shi borin ko silif za a sa masa.