Me ya sa wasu gumakan Girka kai da hannu da ƙafa kawai suka rage?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani gunkin tsohuwar Girka a gidan tarihi. Kai ne na farin dutse da hannu da ƙafafu, an kafa su a jikin sandar ƙarfe, babu gangar jiki. Farfashewa ya yi ne, ko haka aka sassaƙa shi?

Amsa: Ɗan'uwa, ba farfashewa ya yi ba. Tun asali gangar jikin ba ta dutse ba ce. Girkawa kan sassaƙa fuska da hannuwa da ƙafafu da dutsen marmara, wato wuraren da fata ke bayyana, sai su haɗa su da jikin katako, su shafe shi da zinariya ko su sa masa tufafi na gaske. Katako ya ruɓe, dutse ya rage. Marubucin nan Fausaniyas, wanda ya zaga Girka a ƙarni na 2 miladiyya, ya bayyana irin wannan gunki na allahiyarsu Atina a garin Falatiya. Dabarar tana da sauƙin kuɗi, kuma ta fi sauƙin ɗauka.

Amma wannan na masu ƙaramin ƙarfi ne. Masu hali da zinariya da hauren giwa suke yi: haure a madadin fata, zinariya a madadin tufafi, duk a manne a kan firam na katako. Gwanin wannan aiki shi ne Fidiyas. Gunkin Atina da ya yi a haikalin Fartenon na birnin Atens, wanda aka ƙaddamar a shekara ta 438 kafin miladiyya, ya kai kusan mita 12. Masanin tarihi Tukididis ya ce zinariyar jikinsa talanti 40 ce, wato sama da tan ɗaya, kuma an yi ta yadda za a iya ɓalle ta. Shugabansu Ferikilis ya fito fili ya gaya wa mutanen Atens cewa idan yaƙi ya matsa za su iya cin bashinta, su mayar daga baya. A ganina nan ne sirrin yake: gunkin abin bauta ne, kuma baitulmali ne. Wajen shekara ta 296 kafin miladiyya wani azzalumin shugaba, Lakares, ya kwashe zinariyar ya biya sojojinsa.

Ɗawainiyarsu ma ba kaɗan ba ce. Haure yana tsagewa idan iska ta bushe, kamar dunduniya a hunturu, don haka aka yi kwarmin ruwa a gaban gunkin Atina don a samu danshi. A Olimfiya kuwa, inda danshi ya yi yawa, da man zaitun ake kula da katafaren gunkin Ziyus, babban abin bautarsu, wanda shi ma aikin Fidiyas ne, ɗaya daga abubuwan al'ajabi bakwai na duniyar da. Wani marubuci mai barkwanci, Lusiyan, har ya yi musu ba'a cewa waje zinariya, ciki kuwa gungume da ƙusoshi da ɓeraye.

Babu ɗaya daga cikin gumakan biyu, na Atina da na Ziyus, da ya kawo yau. Abin da aka samu a Olimfiya a shekarun 1950 shi ne ɗakin aikin Fidiyas, da mazuban yumɓu na fitar da siffa, da wani ƙoƙo mai ɗauke da sunansa. A Delfi kuma, a 1939, aka tono wani rami da aka binne ragowar gumakan haure da zinariya na ƙarni na 6 kafin miladiyya, wuta ta mayar da fuskokinsu baƙaƙe.

Saboda haka kada farin dutsen da ya cika gidajen tarihi ya ruɗe ka. Shi ne ɓarawo bai damu da shi ba, gara ba ta ci, maƙeri bai narkar ba. Shi kansa fenti ake yi masa. Ko gumakan tagulla ba tagulla zalla ba ne: gumakan mayaƙa biyun da aka tsamo daga teku kusa da Riyace a kudancin Italiya a 1972, leɓunansu na jan ƙarfe ne, idanunsu na dutse da aka dasa, ɗayansu kuma haƙoransa na azurfa.