Kuɗin rajistar masu hana kiran talla a Amurka: ba a haɗa kuɗi a saya

Malam, ka tambaya ko kamfaninku da ke kiran mutanen Amurka don tallata kayan wasu kamfanoni zai iya sayen jerin lambobin wayar mutanen da suka yi rajista cewa ba sa son kiran talla (National Do Not Call Registry) sau ɗaya ya raba wa abokan cinikinsa. A'a, dokar FTC, hukumar kula da harkokin kasuwanci ta Amurka, ta hana. Kowane kamfani mai kayan sai an yi masa rajistarsa daban, a biya kuɗinsa, a ba shi lambar asusu. Da wannan lambar ce ku za ku shiga ku sauke jerin a madadinsa.

Kuɗin kuwa ana lissafa shi ne da lambobin yanki, wato lambobi uku na farkon wayar Amurka. Biyar na farko kyauta ne. Abin da ya haura, a shekarar kuɗi ta 2025 dala 80 ne kowane yanki a shekara, kuma yakan ɗan ƙaru kowace Oktoba.

Inda mutane ke tafka asara shi ne sabuntawa. Dole ku tace lambobin da kuke kira da sabon jerin aƙalla duk kwana 31, domin tarar kira ɗaya tak da ya saɓa doka tana iya wuce dala 50,000. Kuma kada ku yi amfani da jerin don wani abu daban, ballantana sayar da shi.